Aiken da Rediyo Ta Ƙi

Mutanen da na taɓa zuwa wurinsu da niyyar faɗa suna da yawa, ba na musu. Amma mutum ɗaya ce na je wa da masifa cike da baki na dawo ina yi mata addu'a. Malamar aji biyar ce a makarantar 'yata. Ba don ita ba, da ɗana na fari ya zame daga hannuna ina tsaye ina kallo, ina ma yabon kaina wai na iya tarbiyya.

Wanki da guga ne sana'ata. Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gidanmu, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta shiga tsakar gida. Akwai injin wanki wanda ya fi ni mita, da teburin guga, da igiyoyin shanya ta baya. Doka ɗaya gare ni, ba na karya ta ko don wa: duk wanda ya kawo kaya sai ya tsaya na zazzage aljihunan a gabansa. In zuba abin da na samu a kan wani tiren ƙarfe, in ce, “Naka ne?” Ya ce nasa ne, ya kwashe, sannan in karɓi wankin. Na kafa dokar ne tun ranar da wata mata ta rantse a shagona ɗan kunnenta ya ɓace, muka yi wa juna tas a bakin titi.

Abin da aljihu ke ɓoyewa kuwa, sai wanda ya yi sana'ar. Makullai, tsinken sakace, alewar da ta narke, hoton wata wadda ba matar gida ba. Sai kuma katin ƙwaya da aka ɓalle rabinsa. Wannan na gan shi har na gaji, galibi a wandunan samari, wani lokaci a rigar dattijon da ba ka zata ba. Ba na cewa komai a gabansu. Sai sun fita nake girgiza kai in ce, “Ina iyayen yaran nan suke? Makafi ne?” A ganina a lokacin, idona ya fi na kowa a unguwar.

Ɗana na fari yana aiki a gidan bulo. Shi ke kwaɓa siminti, shi ke loda bulo a mota, tun safe har yamma ba ya zama. Abokan aikinsa suka sa masa suna Katafila, sunan ya biyo shi har gida, ni ma na kama kiransa da shi ina jin daɗi. Tunda ya fara aikin nan ya hana ni taɓa kayansa. “Umma, kin wanke na gari duka, ki huta da nawa,” in ji shi. Sai ya ɗauki bokiti ya tsuguna a bayan gida ya wanke abinsa. Babu kwastoman da bai ji wannan labari daga bakina ba. Ina guga ina cewa, “Ni nawa ɗan ko safarsa ba ya bari in wanke.”

Ƙanwarsa kuwa Rediyo muke kiranta, don tunda ta iya magana ba a gano inda ake rage mata murya ba. Babansu direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya, saboda haka ni ce uwa ni ce alƙali.

Wata Asabar da yamma ina guga, matar mai gidan burodi tana zaune tana jiran labulenta. Ita kuwa irin matan nan ne da in ka yi atishawa a gabansu, kafin ka goge hanci unguwa ta ji. Katafila ya dawo daga aiki ya zube a kan benci a tsakar gida, daidai inda nake hango shi ta ƙofar baya. Ya ƙwala wa ƙanwarsa kira.

“Rediyo! Ungo, je ki wurin mai teburi, ki ce ya ba ki na Katafila.”

Mai teburi wani mutum ne a kwanar titinmu, yana sayar da alewa, reza, ashana, batir, da 'yan magungunan ciwon kai. Na sha jin wannan aiken da kunnena. Na ɗauka maganin ciwon jiki ne, don duk wanda ya wuni yana ɗaga bulo dole jikinsa ya yi tsami.

Sai na ji shiru. Shiru daga Rediyo kuwa abin a leƙa ne. Na leƙa na gan ta tsaye ƙyam, hannuwa a baya.

“Yaya, yi haƙuri,” ta ce. “Wannan aiken ba zan je ba. Aike ni wani, ko nesa ne zan je.”

Na ajiye dutsen guga. Matar mai burodi ta gyara zama.

“Me na ji? Ke, maimaita.”

Ta juyo ta maimaita min, ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

“A gidan nan? Yayanki ya wuni yana shaƙar siminti, ya aike ki nan da bakin titi, ki ce ba za ki ba? Wa ya koya miki wannan rashin kunyar?”

“Malama ce ta ce... Umma, ai maganin ba shi da suna, kuma...”

“Rufe min baki! Wuce ciki.”

Katafila ya yi wata 'yar dariya. “Ƙyale ta, Umma, yarinta ce.” Ya miƙe ya fita da kansa, da sauri, takalminsa ɗaya ma bai gama shiga ba. Mutumin da yanzu-yanzu ya zube kamar ba zai iya ɗaga yatsa ba. Na ga wannan da idona, amma hankalina yana kan matar mai burodi, wadda ta ce, “Makarantun yanzu ke nan,” tana naɗe labulenta tana murmushi.

Ran Litinin da hantsi na rufe shago na nufi makaranta. A hanya na shirya maganata tsaf, har da inda zan ɗaga murya. Mai gadi ya nuna min aji biyar, na ƙarshe a jerin, kusa da famfo. Tun daga nesa nake jin hayaniya, na ce a raina, ga shi nan, ajin ma ba ta iya riƙewa ba.

Na tsaya a bakin ƙofa. Yara sun tashi daga bencinsu sun tsaya bibbiyu, ɗaya yana miƙa murfin kwalba, ɗaya yana ƙi. Wani ɗan firit ya turo ciki gaba, ya ari muryar manya yana cewa, “Kai yaro, ni kawunka ne fa!” Wata ta rungume ƙawarta tana lallashi, “Haba ƙawata, ɗanɗana kawai, in kin ƙi mun ɓata.” Ta ko'ina kana jin a'a: wani da ƙarfi, wani da dariya, wata da kyar ake jin ta.

Na zaci zan tarar da wata zabgegiyar mata da za mu yi ta ta ƙare. Sai ga wata 'yar guntuwa siririya mai tabarau, alli ya ɓata mata gefen riga. Ta tafa hannu, aji ya yi tsit.

“Sannu da zuwa, Umma. Maman wa?”

Ba sai na amsa ba. Rediyo ta riga ta nutse a bayan benci, saman kanta kawai ake gani.

“Na zo in ga wadda ke koya wa 'ya'yan mutane ƙin aike,” na ce. “Mu muna can muna fama mu gyara, ku kuna nan kuna warwarewa.”

“Ni ce,” ta ce. “Kuma kin zo a daidai. Wasan a'a muke yi, duk sati muna yin sa, amma manyanmu duk na jabu ne, ga su nan kin gani. Ba mu taɓa samun babba ta gaske ba. Don Allah ki taimake mu, in yara sun fita hutu sai mu zauna ki faɗa min duk abin da ke ranki.”

Kafin in buɗe baki ta sa min murfin kwalba a hannu, ta ce shi ne kuɗin. Ta kira monitar aji, wata yarinya mai wuya a miƙe, ta ce ita ce gwanarsu. “Ki aike ta ta sayo miki magani, amma kada ki faɗi sunansa. Ki yi yadda kike yi a gida.”

To, ni aka ce wa in yi yadda nake yi a gida.

“Ke, zo nan. Je ki wurin mai teburi ki ce ya ba ki nawa na kullum.”

“Umma, yi haƙuri. Wannan aiken ba zan je ba. Aike ni wani...”

“Ni kike faɗa wa haka? 'Yar gidan wa ce ke? Ban haifi kamarki ba? Uwarki ce ta koya miki kallon manya ido cikin ido?” Sai na rage murya, don na san nan ya fi shiga. “Ga ni da ciwon baya, na rasa mai taimaka min. Shi ke nan. Na gode. Allah Ya ba ni lafiya.”

Yarinyar ta dubi Malama, ta dubi ƙasa. Sai ga hannunta ya miƙo a hankali ya karɓi murfin.

Aji ya kaure da ihu. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na yi wa Malama kallon nan na kin gani ko.

“Kun gani?” ta ce wa yaran, ta dafa kafaɗar monita. “Ba ta yi laifi ba, yarinya ce mai ladabi. Shi ya sa muke maimaitawa. In wani mai datti ya tare ku a hanya ya miƙo muku ƙwaya, ba sai na koya muku komai ba, da kanku za ku ruga. Wanda zai ba ku, ko ya aike ku, wanda kuke so ne, ko wanda kuke jin nauyinsa. A gabansa ne a'a ke maƙalewa a wuya. In kuma kun saba zuwa sayowa, wata rana mai sayarwa zai ce ku ma ku ɗanɗana. Ku yi wa Umma tafi, ta ba mu darasin da ni ban iya bayarwa ba.”

Suka yi min tafi. Ban taɓa jin tafin da ya sanyaya min jiki irin wannan ba.

Da yara suka fita hutu ta jawo min kujerarta, ita ta zauna a kan benci. Ta ce aike duk na zuwa ne, haka take gaya musu, ko ruwa ake ko rana. Iri ɗaya ta cire: abin sha, ko na haɗiya, ko na shaƙa, wanda ba a faɗi sunansa ba, babu kuma takardar likita. Wannan su ƙi da ladabi, su nemi a ba su wani aiken, sannan su gaya wa babban da suka yarda da shi.

“'Yarki ta gaya miki?” in ji ta.

“Ta fara,” na ce.

Na kwashe labarin ranar Asabar na gaya wa Malama. Ta ce, “Me yayan nata ya aike ta sayowa?”

“Maganin ciwon jiki. Aikin ƙarfi yake yi.”

“Ya sunan maganin?”

Sai a nan na tuna ban taɓa jin sunansa ba.

Ta tashi ta ciro wani kwali daga bayan kabad. An manna masa katunan magani da babu komai a cikinsu, kowanne da rubutu a ƙasa. Ta leƙa waje ta kira Rediyo. Yarinyar ta shigo tana raɓe-raɓe, ba ta yarda ta dube ni ba.

“In kina so ki nuna wa Umma,” in ji Malama. “In ba kya so, ba dole.”

Rediyo ta ɗora yatsa a kan wani kati mai ratsin kore. Ba sai an karanta min rubutun ƙasa ba. Na san shi kamar yunwar cikina. Na ɗora irinsa a kan tirena ya fi a ƙirga, na yi wa iyayen masu shi tsaki.

“Tun yaushe?” na ce.

“Tun ina aji huɗu. Da can guda ɗaya ne, yanzu kati guda ake ba ni in kawo. Rannan kuma mai teburin ya ce in ina so in ci jarrabawa zai ba ni rabi kyauta.” Sai ta fashe da kuka. “Umma, kar ki ce ni na faɗa.”

Na jawo ta jikina. Abin da ya fara zuwa min shi ne in tafi gidan bulon nan in cafke shi a gaban kowa, daga nan in wuce in kife teburin mutumin can. Ashe a fuskata aka rubuta.

“Umma,” in ji Malama, “muryar nan da kika yi wa monita, ki bar min ita a nan, zan ajiye miki. In kika yi wa ɗanki ihu zai rantse ya daina, ya koma sha a inda ba kya gani. Ba lalatacce ba ne, jikinsa ne ya saba. Kuma abin da ya kai kati guda ba a yanke shi rana ɗaya, yana iya kayar da mutum. A babban asibiti akwai sashen masu irin wannan, ki nemi nas ɗin da ke ɗakin ƙarshe, ba ta wulaƙanta kowa. Amma sai ya yarda da bakinsa tukuna.”

“Ta yaya zan sa ya yarda?”

“Wannan ke kika san ɗanki. Ni 'yan aji biyar na iya.”

Na koma shago na kasa yin komai. Har injin wanki na kunna babu kaya a ciki. Da yamma na tura Rediyo gidan maƙwabta. Katafila ya dawo fari fat da siminti, ya gaishe ni, ya shiga ya yi wanka, ya fito da kayan aikin a dunƙule a hannu zai nufi bokitinsa.

“Kawo nan,” na ce. “Yau ni zan wanke.”

“Haba Umma, ki huta...”

“Hutun ya isa. Kawo.”

Na miƙa hannu ban sauke ba. Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Ya san ni, ya san hannun nan ba zai sauka ba. Ya ba ni.

Na jawo tire na ajiye a kan teburin guga, a tsakaninmu. Na fara da riga: ƙusoshi da guntun fensir. Aljihun wando na dama, makullin keke. Na hagu, ba komai. Sai ƙaramin aljihun nan na ciki, wanda yatsa biyu kawai ke shiga. Na zaro katin, an ɓalle fiye da rabi. Na ɗora shi kusa da ƙusoshin.

Maganganu sun cika min baki, wallahi har haƙorana suna ciwo. Na haɗiye su duka. Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa.

“Naka ne?”

Da ya ce na abokinsa ne, na shirya. Da ya ce tsinta ya yi, na shirya. Ya daɗe yana kallon tiren. Sai ya zauna a kan kwandon wanki, ƙaton mutum, ya sa kai tsakanin gwiwoyi.

“Nawa ne, Umma.”

Ya ce a wurin aikin kusan kowa yana sha, ranar farko ma wani ne ya ba shi da ya ga yana haki. Da farko don ya yi aiki yake sha, yanzu kuma in bai sha ba ko tashi ba ya iyawa, sai ya ji kamar ana sara masa ƙasusuwa. Ya gwada bari da kansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ina jin wannan na tuna duk ranakun da na kira shi Katafila ina washe baki, sai hawaye. Daga ranar na koma ce masa Babba, yadda nake kiransa yana ƙarami.

Can ya ɗago. “Rediyo ce ko?”

“Aljihunka ne,” na ce. Amma ya riga ya sani.

Da na gaya wa babansu a waya, ya ce zai ajiye motar a inda take ya taho ya kakkarya shi. Na ce, “Ka kwantar da hankalinka, ihu ba ya magani.” Sai ya ce, “Wace ce a kan layi? Ba ni matata.”

Muka je asibitin. Nas ɗin tana nan a ɗakin ƙarshe kamar yadda Malama ta ce, ta kuma yi masa magana kamar mutum. Suka ce a hankali za a riƙa ragewa, a hannunsu, kuma dole ya bar gidan bulo. Kada wani ya ce maka abin nan sauƙi ne. Na ga ɗana yana zufa da sanyin safiya, yana rawar ɗari da tsakar rana, yana amai, yana zagin bango. Akwai ranar da ya ce zai je aski, ya dawo idanu sun canza. Na sani, shi ma ya san na sani. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi ihuna a can. Washegari muka koma wurin nas, ta ce, “Yana faruwa. Mu ci gaba daga nan.”

Mai teburi kuwa na kai ƙararsa. Aka zo aka kwashe kayansa, unguwa ta huta na ɗan lokaci, sai ga shi ya dawo da sabon teburi a kwanar nan dai, yana gaishe ni har da rusunawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tsakanin yaran. Babba ya daina yi wa ƙanwarsa magana. Ba zagi, ba duka. In ta shigo ɗaki sai ya fita, in ta kawo masa abinci sai ya kau da kai har ta ajiye. Ita ma ta yi shiru, gidan ya koma kamar an ɗauke wuta. Wata rana na same ta a bayan shanya tana kuka, ta ce da ta sani da ta je aiken kawai.

Na koma makaranta, wannan karon da sallama. Malama ta ce ta lura, yarinyar ta daina ɗaga hannu a aji. Ta kira ta ta zaunar, ta ce mata ba da ita yayanta yake fushi ba, da ciwon yake yi, ita ce dai ta fi kusa. Ta ce, “Kin yi daidai rannan. Ko bai taɓa faɗa miki ba, kin yi.” Na rasa da me zan saka wa matar nan. Na ce ta riƙa kawo min wankinta har ƙarshen rayuwata. Ta yi min a'ar nan tasu mai ladabi, na ce ni ba a yi min ita sau biyu. A ƙarshe ta kawo. A aljihunta na samu alli, da cingam ɗin da ta ƙwace, da haƙorin wani yaro a nannaɗe cikin takarda, wai ajiya ya ba ta.

Da jikin Babba ya fara dawowa, wani mai gyaran famfo da ke kawo min wanki ya ce ya zo ya koyi aiki a wurinsa. Na yi murna, sai kuma na tuna hanyar da zai bi. Titinmu mafita ɗaya gare shi, ɗaya ƙarshen katanga ce. Duk wanda zai fita sai ya bi ta gaban mai teburi. Tunda aka fara magani Babba bai bi ta nan shi kaɗai ba sai ranar askin nan. Yanzu kuma zai riƙa bi kowace safiya, da kuɗin mota a aljihu. Na ce zan raka shi. Ya ce, “Umma, ranar farko a wurin aiki uwata ta kai ni? Dariya za a yi min.” Gaskiyarsa ce.

Ranar na buɗe shago da wuri, na jawo teburin guga kusa da ƙofar titi, inda nake hango kwanar. Mai teburi ya riga ya baje kayansa, ga wasu samari na gidan bulo a tsaye a gabansa. Na shimfiɗa farar rigar wani kwastoma na fara guga.

Babba ya fito cikin wankakkun kaya. Ya yi min sai an jima, ya taka zuwa bakin titi, ya hango abin da na hango. Ya tsaya. Ya sunkuya ya gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya miƙe, ya sa hannu a aljihu, ya cire. Na ga zufa a ƙeyarsa da sanyin safiyar nan.

Rediyo ta fito da jakar makaranta. Ta raɓa ta gefensa kai a ƙasa, yadda ta saba a kwanakin nan don kada ta takura masa.

“Ke,” ya ce.

Ta tsaya cak, ba ta juyo ba.

“Rediyo.” Ya sassauta murya. “Don Allah ki raka ni. Zuwa bayan kwanar can kawai.”

Ta juyo ta dube shi. Ta dawo ta kama hannunsa, ta koma ɓangaren da teburin yake, ta bar shi a ɓangaren titi. Suka tafi. Da suka kai daidai wurin na ji ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga murya, “Katafila! Ina ka shiga?” Ya rage tafiya. Sai na ga kan yarinyar ya ɗago, bakinta ya fara motsi, hannunta ɗaya yana ta nuni a iska. Ba na jin abin da take cewa, amma na san ta: labarin aji ne, wa ya yi faɗa da wa, duk na makonnin da ta tara. Ya sunkuyo da kai yana sauraron ta. A haka suka sha kwana.

Ƙauri ne ya dawo da ni. Dutsen guga ya zauna a bayan rigar mutane har ya huda ta. Na ɗaga shi na ajiye, na kifa fuskata a cikin rigar ina kuka, ina cewa Alhamdulillahi.